Hanyoyin Daji ko Ajiyar Wake

Shekarar da na gama lakol, wato makaranta, na dawo Gazawa, na buɗe shafi a intanet, irin wanda talla ke biyan mai shi gwargwadon masu leƙowa. Saura abin da zan riƙa rubutawa. Sai na tsaya kan hanyoyin daji da 'yan moto, wato masu babur, ke bi su tsallaka iyaka da kaya a bayan idon duwan, jami'an kwastan, don na san jama'a za su yi rububin karantawa.

Na tarar da yayana a zaure yana ɗaure jarkoki a motonsa zai tsallaka iyaka da su, sana'ar da ke ciyar da gidanmu. Na faɗa masa. Bai ɗago kai ba.

"Duwan ba su da wayar salula ne?" ya ce.

"Yaya, ba zan sa sunan kowa ba."

Ya ja igiyar har ta tsinke. "To rubuta. Ranar da aka kama ni, kai za ka gaya wa Inna."

Mun daɗe ba ma gaisawa. Daga baya na koma rubutu kan ajiyar wake da maganin ƙwari. Masu karatu kaɗan ne, talla ma jefi-jefi, amma har yau Yaya a gida yake kwana.