Mai Biɗar Tsagaggen Tulu

Ku matso in ba ku labarin wani tsoho da nig gani kasuwar Jega, wajen masu tukwane. Ban san sunanai ba, amma har yau kamar gabana shike. Dogo na siriri, rigar ta koɗe, ƙafafu duk busasshiyar laka.

Ga shi tsugune, shina ƙwanƙwasa tuluna da yatsa, kunne kusa. Mai ƙara garau sai ya ture gefe. Da wani ya yi ƙwab, sai fuska ta washe.

Tani mai tukwane tac ce, "Baba, wanga ai tsagagge na! Ko faɗa kuka yi da Inna, kake son ta yini ɗibar ruwa?"

Yay yi dariya. "Ɗiyata, shi nika biɗa. Rijiyar garkata ta ja baya, tattasaina na shirin mutuwa. Bizne tulun nikai har wuya gindin shuka, in cika, in rufe baki. Shina yoyo kaɗan-kaɗan, saiwa ta sha, rana ba ta samun ko ɗigo."

Nic ce a raina, wanga bawan Allah da bazara shika kokawa, ƙila jikoki na jiran tattasan nan.

Tani ta ba shi kyauta. Yac ce, "In shukata ta ga damina, ɗibar farko taki ta."

Sai ya naɗe tulun da rawaninai, ya rungume kamar jinjiri, ya kutsa cikin mutane shina kira, "Ku ba ni hanya, kada ku fasa min tulu!"