Littattafan Baba a Wurin Mai Ƙosai

Mun tashi da asuba daga Zariya, ni da maigida, ana ɗan yayyafi. Littattafan Baba ne suka fito da mu, Allah ya jiƙansa. Shekara tara ya yi yana tsaron raga a wata ƙungiyar ƙwallo ta garinmu Kaduna kafin gwiwa ta zaunar da shi, kuma tun yana saurayi duk wasan da suka buga sai ya rubuta: da wa aka kara, wa ya ci, wa aka kora. Makon jiya tsohon sakataren ƙungiyar ya kira ni, ya ce gara ta cinye takardun ofishinsu, suna son haɗa tarihi, ba su da madogara sai rubutun Baba.

A Kwangila mun tarar kuɗin mota ya fi na lokacin da muka je ta'aziyya. Aka matse mu huɗu a baya, har da wata baiwar Allah mai kwandon kaji. Hanyar wani wuri sumul, wani wurin sai an koma hannu ɗaya. A Mararraba maigida ya sayi gasasshiyar masara biyu, da ya ga ba na iya ci sai ya taimaka mini da tawa.

Daga Kawo muka hau keke zuwa Hayin Banki. Ɗakin Baba a share tas, sai ƙusar da yake rataye rediyonsa.

Na ce, "Inna, ina akwatin takardun Baba?"

Ta ce, "Na ƙwallon nan? Ai ranar sadakar arba'in da muka raba kayansa na ba Lami mai ƙosai, ta riƙa naɗi. Ashe abin amfani ne?"

Inna ba ta yi boko ba, a wurinta takardun nan su ne suke hana mijinta cin tuwo da zafinsa.

Muka nufi Rafin Guza, unguwar su Lami, ta cikin lunguna masu caɓi, masu walda da masu gyaran babur kowa ya baje a ƙofar shago. Mun sami Lami ta tashi daga suya, tana goge kasko. Da na gaya mata ko ni wace ce, sai ta goge hannu a zane ta shiga ɗaki, ta fito da ƙunshi a leda.

"Hajiya, uku kawai na yi naɗi da su. Da na buɗe na huɗu sai na ga Bismillah a saman kowane shafi. Wa zai zuba ƙosai a kan sunan Allah? Shi ne na ɗora su kan kwaba."

Na zauna a bencinta na duba. Goma sha ɗaya sun tsira, amma nan take na gane waɗanda suka tafi. Baba bai fara buɗe shafi da Bismillah ba sai bayan da gwiwa ta zaunar da shi. Ukun farko su ne shekarun da shi kansa yake cikin fili. Sauran duk daga wurin 'yan kallo ya rubuta su.

Lami ta laluba kwanon naɗi ta miƙo mini rabin shafi, mai ya jiƙa shi. Da ƙyar na karanta: "na tare fenariti, suka ɗauke ni a kafaɗa har bakin", daga nan ya yage.

A Unguwar Shanu muka miƙa littattafan ga sakataren. Dattijo ne. Ya ce yana tuna ranar fenaritin, amma ya manta da wa suka buga.

La'asar ta yi mana a Zariya. Abin da na taho da shi daga tafiyar nan ba laifin Inna ba ne. Sau nawa Baba yake buɗe littafin nan ya ce, "Zo ki ji yadda muka yi," in ce masa ina da wanke-wanke? Mai ƙosai ta girmama rubutunsa fiye da ni. Rabin shafin yana ƙasan akwatina, kuma babu sauran wanda zan tambaya har bakin ina suka kai shi.