Mati Gozaki da Canjin Kuɗi

Mati mutumin Gozaki ne, amma a Kumasi ya ƙare ƙuruciyarsa, shekara goma sha ɗaya yana fataucin goro. Da ya dawo gida sai ya kama noman auduga. Kowa ya san shi da rashin yarda. Ko audugarsa ake awo, sai ya zagaya bayan sikeli ya duba ko wani ya tokare da ƙafa.

In an zauna hira da hantsi a ƙofar gidansa, zancensa ba ya wuce banki.

"A Kumasi ko ɗan dako yana da littafin ajiya a gidan waya," in ji shi. "Manomin koko kuwa, har ƙauye banki ke bin sa. A Maraɗi na ga attajiri ya ɗinke dukiyarsa cikin matashin kai, wai banki na masu jin Faransanci ne. Mu nan sai ka yini a hanyar Funtua, ka je a tsayar da kai a rana."

Bitrus, malamin makarantar mishan, wanda shi kaɗai ke da littafin banki a unguwar, ya taɓa tambayarsa, "To Baba Mati, ina aka fi jin daɗi?"

"Duk kanwar ja ce. Wanda ya biyo ka har gida, wani abu ya hango."

A farkon 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, rediyo ta sanar da canjin takardun kuɗi: wanda bai kai nasa banki cikin 'yan kwanaki ba, sun zama ganye. Gari ya ruɗe. Mutane suka yi ta kai wa Bitrus ƙulle-ƙullensu don ya canzo musu, har da Lauratu matar Mati, mai sayar da daddawa.

"Malam, kai ma ka ba shi mana," ta ce wa mijinta.

"In ba shi ya san abin da na mallaka? Wa ya ce ba dabarar ƙara haraji ba ce?"

Ya tono nasa daga ƙarƙashin rumbu, ya ɗaura lalita a ƙugu, ya hau motar auduga zuwa Funtua. Mota ɗaya suka shiga da Bitrus, amma Mati ya koma can ƙarshe, hannunsa a kan ciki.

A banki, sai bayan azahar layi ya zo kansa. Akawu ya tambayi sunansa da garinsu, sannan ya turo masa tawada ya dangwala yatsa. Mati ya janye hannu.

"Kuɗi na kawo, ba yatsa ba. Me za ku yi da shi?"

"Baba, doka ce."

"Dokar ɗaukar soja ko ta haraji?"

Bai jira amsa ba. Ya fice ya nufi kara, kasuwar shanu, ya sami dillalin da ya yarda da tsohon kuɗi, ya sayi bijimai biyu a farashin uku. Kwana biyu yana koro su a ƙasa har Gozaki.

Bitrus ya dawo ya ba kowa nasa cif. Lauratu ta miƙa wa mijinta sabuwar takarda. Ya ɗaga ta sama ya daɗe yana dubawa, ya mayar mata.

An yi masa dariya har faɗuwar damina. Sannan ya sayo garma, ya horar da bijiman, ya shiga yi wa maƙwabta huɗa. Ladansa kuwa dawa yake karɓa, kuma shi ke aunawa da kansa.