Amsar da Na Riƙe Maka, Abdulbaƙi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Nuwamba 2006, daidai da 23 ga Shawwal 1427, Allah Ya karɓi ran aminina kuma abokin aikina, Abdulbaƙi Jaji, a wani asibiti a Kano, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Aka kawo shi gida Buji, aka yi masa sutura bayan la'asar. Ya bar mahaifiyarsa, da matarsa Kubura, da 'ya'ya biyu ƙanana. Ni ina Legas a lokacin. Ban wanke shi ba, ban kama makararsa ba, ban zuba masa ƙasa ba. Ban ma san yana ciwo ba, domin shi da bakinsa ya hana a gaya mini.

Zan yabe ka, Abdulbaƙi, don ka cancanci yabo. Amma ka san halina, ba na iya haɗiye magana in wanke ta da ruwa. Fushi nake yi da kai. Ka bar mini saƙon neman gafara a wurin mahaifiyarka, kuma har yau ban ba ta amsa ba. Wannan rubutu shi ne ƙoƙarina na nemo amsar.

A wani shagon buga takardu muka haɗu a Dutse, 'yan shekaru bayan an ba mu jiha, lokacin da garin ke cika da ma'aikatan da aka kwaso daga Kano, kowa da takardar da yake so a buga masa. Tafireta muke bugawa. Kwamfuta ɗaya ce a shagon, mai gida ya lulluɓe ta da zanen gado, ba ya yarda ko kallonta a yi da yawa. Kai ne ka lallashe shi har ya bar ka ka taɓa ta, kuma abin da ka koya da hantsi, kafin la'asar ka koya mini. Ban taɓa ganin mutum maras rowar ilimi irinka ba. Har wanda bai tambaye ka ba kana koya masa, ko yana so ko ba ya so.

Da aka fara shagunan intanet a garin, mu ne a gaba. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a aka ce a cire katakan da ke raba kwamfutoci don kowa ya ga abin da kowa ke kallo, masu shaguna suna ta gunaguni, kai kuwa murna ka yi. Ka ce yanzu za ka riƙa hango kuskuren mutum daga nesa, ka je ka gyara masa.

Abin da ba zan manta ba shi ne jinyar mahaifina a Taura. Kai kake ɗaga shi, kai kake sauya masa shimfiɗa, kai kake ba shi kunu a baki in ya ƙi karɓa daga hannuna. Har maƙwabta suka ɗauka kai ne ɗan, ni ne abokin da ya zo dubiya. Ranar da na yi maka godiya sai ka haɗe rai, ka ce jinya haƙƙi ne, ba a gode wa mutum don ya sauke haƙƙi. Ka riƙe wannan maganar, zan dawo kanta.

Bara wata ƙungiya mai gyaran rijiyoyin burtsatse ta ɗauke mu, mu gina mata shafin da zai riƙa nuna wace rijiya ce ta lalace a wane ƙauye. Ga wanda bai san aikinmu ba, abin haka yake. Shafin da mutum ke gani a burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, yana da ɗan rubutun umarni a cikinsa. In ka zaɓi gari, sai wannan rubutu ya aika tambaya wurin saba, wato babbar kwamfutar da bayanan ke ajiye a cikinta, ba tare da shafin ya rufe ya sake buɗewa ba. Ba ya tsayawa jiran amsa. Mutum na ci gaba da abin da yake yi, duk sanda amsar ta iso sai ta bayyana a gabansa. Dabarar sabuwa ce, Ajax ake ce mata, kuma mu biyu muna ji da kanmu kamar mu muka ƙirƙiro ta.

Sai ga Malam Gwadabe, makanikin ƙungiyar, ya shigo ofis wata rana da rana tsaka, gumi ya jiƙa masa riga. Shafinmu ya ce rijiyar wani ƙauye a Taura ta mutu, ya ɗaura kayan aiki a babur ya tafi, ya tarar da mata suna ta buga ruwa suna hira. Ya ajiye jakar sifanu a kan teburinmu ya ce, "Malamai, in kwamfutarku so take in riƙa shan iska, to ta riƙa zuba mini mai." Muka yi dariya. Kai ka daina dariya da ka ji cewa rijiyar da ta mutu a Miga take, kuma mutanen can sun koma shan ruwan kududdufi suna jiranmu.

Ni na ɗora laifin a kan saba. Kai ka ce kada mu yanke wa kowa hukunci sai mun ga abin da idonmu. Ka sa saba ta riƙa jinkirta amsa ɗaya da gangan, sannan ka zaɓi Miga, ka yi maza ka zaɓi Taura. Amsar Taura ta riga zuwa. Can sai ga ta Miga ta iso a makare, ta ture ta, ta zauna a ƙarƙashin sunan Taura. Saba ba ta yi ƙarya ba, layinmu ne mai nawa, shafin kuma duk amsar da ta zo ƙarshe ita yake ɗauka. Ka sa wa kowace tambaya lamba, ka ce duk amsar da ba ta tambayar ƙarshe ba ce a watsar da ita. Washegari kai da kanka ka hau bayan babur ɗin Malam Gwadabe zuwa Miga, ka ba mai unguwa haƙuri.

Matsala ta biyu ta fi ba mu wuya. Ana aiko rahoton rijiya ta lalace, shafi ya nuna an karɓa, amma in aka duba babu komai a ajiye. Duk amsar da saba ta bayar tana zuwa da lamba a goshinta, kuma ɗari biyu na nufin komai daidai. Ni da na ga ɗari biyu sai in wuce. Kai ka buɗe cikin amsar, sai ga saƙon kuskure kwance, saba tana cewa ta kasa ajiye rahoton. A nan ka yi maganar da duk wanda ka koyar ya haddace. Ka ce, "Musaddiq, saba Bahaushiya ce. Ko tana mutuwa, in ka gaishe ta lafiya lau za ta ce. Kada ka tsaya a gaisuwa, buɗe cikin amsar." Daga ranar ka kafa mana doka, shafinmu ba zai ƙara cewa an karɓa ba sai saba ta tabbatar da gaske. Ka ce ba abin da ka tsana kamar shafin da ke kwantar wa mutum hankali da ƙarya.

Kai ka faɗi haka, Abdulbaƙi. Kai.

Farkon bana ƙungiya ta samu gurbi ɗaya na kwas a Legas. Kowa ya san naka ne. Ka ce ba ka son cunkoso, ba ka cin kifin teku, ni in tafi. Na yarda, har na yi maka tsiyar ƙauyanci. Ashe a lokacin likita ya riga ya gaya maka abin da ke cikinka. Ka raka ni tasha, ka ɗora mini jaka a mota, ƙafafunka a kumbure cikin takalmi ban sani ba.

Daga nan sai saƙon waya. In na kira ba ka ɗauka, sai saƙo ya biyo baya, kana mitin, ko kana ƙauye layi ba kyau. In na tambayi gida, lafiya lau. In na tambayi aiki, lafiya lau. Malam Gwadabe ya sani. Mutanen ofis sun sani. Matata da kanta ta sani, ta je dubiya Kano, ta dawo ta gaya mini a waya cewa biki ta je. Duk ka ɗaure su da girman Allah. Legas fa nake, ba bangon duniya ba. Mota ɗaya ce tsakaninmu. Ka yi jinyar mahaifina ka ce haƙƙi ne, sannan ka hana ni nawa haƙƙin a kanka. Wannan ban san sunan da zan kira shi ba in ba cin amana ba.

Ana saura kaɗan ka rasu, aikin da zan miƙa na ƙarshen kwas ya ƙi tafiya. Na rubuto maka. Amsa ba ta zo ba sai bayan kwanaki, gajeriya: "Shafinka yana murna tun saba ba ta amsa ba. Jira amsa, kuma buɗe cikinta." Na duba, haka ne kuwa. Na mayar maka: "Malalaci, wannan 'yar maganar ce ta ɗauke ka kwanaki? Ka rage barcin rana." Ita ce magana ta ƙarshe da na yi maka a duniya. Ka bar ni na kira ka malalaci kana kwance ana wanke maka jini.

Na iso Buji ranar addu'ar uku. Bayan an watse aka ce Inna Indo, mahaifiyarka, tana kirana. Na same ta zaune a kan tabarma da carbi, idonta a bushe. Kai ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunanka ba, ranar ma ba ta kama ba. Ta ce, "Abokinka ya bar saƙo. Ya ce a roƙe ka ka yafe masa." Na sunkuyar da kai. Kalma biyu ce, kowa yana faɗinta a gidan makoki ko da bai san mamacin ba. Bakina ya ƙi. Na ce, "Inna, Allah Ya jiƙansa." Ta dube ni ta ce, "Amin. Amma ba ita na tambaye ka ba." Na tashi na fita da kunya. An gaya mini tun ranar duk wanda ya je daga Dutse sai ta tambaye shi ko na aiko da magana. Ta ce ba za ta samu natsuwa a kan kwanciyarka ba sai ta ji.

Na san na saɓa wa al'ada, kuma na ɗora wa tsohuwa nauyin da ba nata ba. Amma ba zan ce mata na yafe alhali cikina yana tafasa ba. Kai ka hana mu nuna an karɓa tun ba a karɓa ba.

Makon jiya na koma, na nemi in gaisa da Kubura. Tana takaba, ta bayan labule muka yi magana. Na tambaye ta abin da ya hana ni sukuni: me ya sa ni kaɗai aka ɓoye wa? Na zaci za ta ce don kada in bar karatu ne, na ma shirya amsar da zan ba ta. Sai ta ce tun bayan ƙaramar sallah hannunka ba ya iya riƙe waya, ita take rubuta mini duk saƙonnin, kana faɗa tana dannawa. Saƙon gyaran aikina ma sai da ka huta sau da yawa kafin ka gama faɗarsa. Ta ce da amsata ta zo ba ta so ta karanta maka ba, ka matsa. Da ka ji malalaci sai ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, ka ce ta maimaita. Sannan ta faɗi abin da ka ce: "Kowa ya shigo sannu yake mini da muryar makoki. Musaddiq kaɗai ya rage yana yi mini magana kamar mai rai. Ku bar mini shi."

Ashe ba don ni ka yi ba, don kanka ka yi. Ka ajiye ni a cikin duhu don ka samu wuri ɗaya da ba ka da ciwo. Son kai ne, Abdulbaƙi, kuma shi ne son kai na farko da na taɓa kama ka da shi tun daga shagon tafireta. Da ka tambaye ni, da na zo na zauna a bakin gadonka na yi maka tsiya har ka gaji. Ko kuwa da na zo na fashe da kuka kamar kowa. Ka fi ni sanina, wataƙila shi ya sa ba ka tambaya ba.

A aikinmu, amsar da ta iso bayan an rufe shafi ba ta da mai karɓa. Na gode wa Allah da Ya sa lamarinSa ba haka yake ba. Ga amsata, kuma in ka buɗe cikinta, kamar yadda ka saba, za ka tarar da fushi bai gama hucewa ba, ban ɓoye maka ba. Amma na jira har ta zama gaskiya. Na yafe maka, duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini jinkirin. Jibi Juma'a in Allah Ya kai mu zan je Buji in durƙusa gaban Inna in faɗa mata da bakina.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da Kubura, da marayun da ka bari, da dukkan zuriyar Malam Jaji, da Malam Gwadabe da sauran abokan aiki, da mutanen ƙauyukan da ke shan ruwa ba su san sunanka ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Abdulbaƙi, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ka yalwata kabarinsa, Ka shayar da shi daga Alkausara kamar yadda ya yi ɗawainiyar shayar da bayinKa. Ka raya abin da ya bari, Ka kyautata namu ƙarshen, Ka haɗa mu a inda ba mai ɓoye wa wani ciwo. Amin.

Ka huta, malalaci.