Gwaggo Asabe da Takardar da Ta Mai da Mu Kanawa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Gwaggo Asabe makwancinta a nan Makka, Allah Ya jiƙanta. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni bayan rasuwarsa. Ban taɓa jin rashinta kamar bana ba, domin bana ne wani mutum da ko takalminta bai taɓa gani ba ya zauna can Najeriya ya yanka mana asali.

A hanya aka haife ta, lokacin da kakanmu ya taso aikin Hajji a ƙafa. Bai koma ba, bai kuma yi tsawon rai ba. Idan ka tambaye ta garinsu sai ta ce, "Ga Ka'aba a gabanka, wane gari kuma kake nema?" Hausarta ma ba ta tona komai, ta cakuɗe da ta maƙwabta da Larabci. Har yau ina zargin ta san abin da ya fi haka, ta dai ƙi faɗa.

To, ɗana Faisal, wanda Hausar tasa sai a hankali, shi ya haɗu da wani Malam Sabi'u ta waya. Wai aikinsa tono tsofaffin takardun zamanin Turawa, yana haɗa mutane da danginsu. Ba a jima ba ya turo hoton wata takardar izinin tafiya, duk ta ci jiki, an rubuta Muhammadu ɗan Abdu, Kano. Sunan kakanmu ke nan. Faisal ya zo yana rawar jiki: "Baba, halas, shi ke nan, mun samu! Mu Kanawa ne!"

Ni kam raina bai kwanta ba. Muhammadu ɗan Abdu nawa ne suka bi hanyar gabas? A layinmu na Mansur kaɗai zan nuna maka uku. Kuma me ya sa daga ganin takarda sai ga dangi a shirye, har da tsohon da ke kuka a waya yana cewa muryar Faisal sak ta babansa shi tsohon? Wannan sauri ya yi mini yawa. Faisal kuwa har ya yanki tikiti, zai kwashi 'ya'yansa ya kai su gidan mutanen da ba mu sani ba, ya ce musu nan ne tushensu. Da na yi magana sai ya ce hassada nake yi wa abin da ban iya nemowa ba. Wallahi maganar ta yi mini zafi.

Na yi ta tambayar kaina, da Gwaggo na nan me za ta ce? Sai na tuna ta a bakin tukunyarta, tana sayar da tuwo da miyar kuka lokacin Hajji. Kowane alhaji tana girmama shi, amma da ta hango Bayarabe sai ta gyara zama: "Ga bayina sun iso! Ku wanke hannu, ku gaida uwar gijiyarku." Su ma su rama, a yi ta shewa, ta ƙara musu nama. Na taɓa ce mata ba ta jin kunya? Ta ce haka babanta yake yi, ita ma a hannunsa ta gani. Duk Bahaushe ya san wannan wasa na Gobirawa ne da Yarbawa. Bakano da Bazazzage yake nasa.

Da na gaya wa Faisal sai ya yi dariya, ya ce wasa ba hujja ba ne, takarda ce hujja.

A azumin da ya wuce wata tsohuwa Bayarabiya ta zo Umra, ta biyo layinmu tana dogara sanda, tana cigiyar "baiwarta mai tuwo". Da muka gaya mata Gwaggo ta rasu sai ta zauna a dakali ta yi kuka sosai. Ta share hawaye, ta dubi Faisal, ta ce, "Kai jikanta ne? To ɗan Bagobiri, tsayuwar me kake yi? Ɗauki jakar uwar gijiyarka!" Ba wanda ya gaya mata rigimar da muke ciki. Faisal ya ɗauki jakar, ya raka ta har masaukinta, ya dawo jikinsa a sanyaye.

Gwaggo ba ta bar mana gida ba, ba ta bar takarda ba. Tsokana ta bari, mu kuwa muka ɗauka surutun tsufa ne, ba wanda ya zauna ya tambaye ta. Malam Sabi'u yana ta kira, yanzu ma wai ya gano wata takardar daga Gobir. Faisal ya daina ɗauka.

Rannan ya zauna kusa da ni, ya lallaɓo Hausarsa, ya ce, "Baba, Gobir ɗin, wane gari ne namu a ciki?"

Mai amsar mun rufe ta da hannunmu.