Tusar Jakin Masinja

Shekara goma sha tara yana masinja a ofishin nan mai hawa uku, kuma ba a taɓa ganin ya yi gumi ba. Ana ce masa Yanzu-yanzu, don ko me aka aike shi haka yake amsawa, sannan ya koma kan bencinsa.

Wata rana wani ɗan tsiro mai kaushi ya fito masa a tafin ƙafar dama, irin wanda ake kira tusar jaki. Ya zauna ya yanke shi da reza. Abin ya dawo da ƙannensa biyu. Wani zai damu, shi kuwa kakarsa ce ta yanke saƙa.

"Kai wa manaja fayil ɗin nan a sama," in ji sakatariya.

"Ranki ya daɗe, da wace ƙafar? Taka mugun abu na yi. Maƙiya ne."

Ofis ɗin kaf ba wanda ya san masinja yana da abin da za a yi masa hassada, amma aka ƙyale shi. Wata biyar sakatariya tana hawan bene da kanta.

Sai abin ya fito wa 'yar autarsa, har ta fara tafiya a kan yatsu. Matarsa ba ta yi doguwar magana ba, ta tasa su gaba zuwa asibiti.

Likita ta duba ta ce, "Ƙwayar cuta ce, tana shiga ta 'yar tsagar fata. Silifas ɗin wanka nawa ne a gidanku?"

"Ɗaya," in ji matar. "Ga maƙiyin nan."

Yanzu-yanzu ya sunkuyar da kai, ya kasa kallon yarinyar. Aka daskarar da nasa da wani ruwa mai tsananin sanyi, ya kurma ihu har daga waje aka leƙo. Yarinyar aka ba ta maganin shafawa. Likita ta hana reza, ta ce kowa da silifas ɗinsa da tawul ɗinsa. A hanyar gida ya sayi silifas guda huɗu, ko ciniki bai yi ba.

Ƙafa ta warke sumul bayan makonni, amma ɗingishi ya ƙi tafiya. Ran wata Litinin sakatariya ta bi shi da kallo.

"Malam, da can ba ta dama ba ce?"

Ya tsaya, ya dubi ƙafafunsa, ya karɓi fayil ɗin ya hau bene.