Abin da Nake Zuwa Yi Bayan Rumbu

A wajenmu ba a shan taba gaban manya. Ko ka yi furfura, muddin akwai wanda ya haife ka ko ya goya ka a wurin, sai ka tashi ka zaga. Kuma ba mai tambayarka inda za ka. Ka taɓa aljihu, ka zura takalmi, kowa ya kau da kai kamar bai gani ba. Na yi shekaru ina cin moriyar wannan kunya, ban san ita ke riƙe da ni ba sai da na bar taba.

Ni mutum ne mai faɗuwar gaba, ba gaira ba dalili. Ina zaune cikin jama'a lafiya lau, sai in ji ƙirjina ya ɗaure, tafin hannuna ya jiƙe, muryoyin mutane su yi nisa, zuciya ta ce mini yanzun nan zan faɗi in mutu kowa na kallo. Tun ina saurayi abin yake zo mini, wurin ɗaurin aure, wurin suna, har a shagona na ɗinki a Madarumfa idan masu kaya suka cika shi gab da salla. Da ya taso sai in taɓa aljihu in fita. In tsaya bayan katanga ni kaɗai, in kunna, in ja, kafin karan ya ƙare duniya ta dawo daidai. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Da wane baki? Mashayin taba kowa ya san irinsa, a yi tsaki a wuce. Amma a ce ƙato mai iyali yana tsoron zama cikin mutane, ai sai a fara nemo masa turaren aljanu.

Tari ne ya raba ni da ita. Ya hana ni ɗinki, ya hana ni cin tuwo cikin daɗi, har matata ta tisa ni gaba zuwa asibiti. Likita ya saurari ƙirjina, ya ce in zaɓi ɗaya, ko taba ko huhuna. Na ji tsoro ƙwarai, na bari.

Matata ta fi ni murna. Tun tana amarya take addu'ar wannan rana. Ta soya masa ta raba sadaka, ta gaya wa ƙannenta, ta gaya wa maƙwabta, ta gaya wa mai kawo mana kifi daga tabki. Kafin in farga duk unguwa ta sani. Inda na bi sai a tare ni da barka, kamar wanda ya dawo daga Makka. Ina amsawa ina murmushi, amma a raina na gane an toshe mini ƙofar fita. Yanzu in na tashi daga taro, me zan ce?

Sai na daina zuwa. Na riƙa aika gaisuwa da uzuri, yau aiki ya yi yawa, gobe ciwon kai. Na koma cin goro har haƙorana suka rine, ina faɗa da keken ɗinki, ina yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ana cikin haka, da bazara, mahaifina ya rasu a ƙauyenmu wajen Gabi. Ni ne babban ɗansa, kuma zaman makoki ba a aika masa uzuri.

Aka kafa rumfa ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi, aka zaunar da ni kusa da Baffa, ƙanen mahaifina. Ranar farko baƙin ciki ya rufe komai. Washegari da hantsi abin ya zo. Mutane na ta sauka, daga Safo, daga Maraɗi, har daga ƙetaren iyaka, kowane ayari ya durƙusa a yi fatiha. Na ɗaga hannuwa tare da su. Iska ta ƙi shiga ƙirjina. Ana shafawa hannuna ya tafi aljihu da kansa, inda babu komai sai ɓarin goro. Baffa ya gani. Ya kau da kai, irin yadda ya saba yi mini shekara da shekaru. Ban san lokacin da na sa takalmi ba.

Na zaga bayan rumbunan hatsi, na dafa ɗaya, na sunkuya ina jan numfashi. Ya daɗe, ya fi yadda na saba daɗewa, amma ya lafa, kuma babu taba a bakina. Ina tsaye ina mamakin wannan sai ga ɗan kawuna, abokin wasana, direban da ba ya rabuwa da kwalin sigari.

"A'a! Malam mai tuba, kai ma nan ka ɓuya?" Ya miƙo mini kara ɗaya.

Na karɓa. Na kai shi hanci. Wallahi duk jikina ya so shi, har yawu ya tsinke mini. Na tuna tarin, na mayar masa. Da na tsaya nan da shi ke nan. Amma yana kallona yana jiran dalilin tsayuwata a wurin, ni kuwa ba ni da dalilin da zan iya faɗa.

Na ce, "Yanzu na gama tawa."

Ya tuntsire da dariya har yana dafa rumbu. Kafin la'asar maganar cewa na koma shan taba ta kai cikin gida wurin mata. Na sani, kuma ban ƙaryata ba. Sauran kwanakin makokin na riƙa taɓa aljihu ina fita duk sanda na matsu, ba mai ce mini uffan. Na samu sauƙi, kuma na ji kunyar sauƙin, don matata ta daina haɗa ido da ni. In ta kawo ruwa sai ta ajiye ta juya.

Bayan mun koma Madarumfa, wata rana da azahar na dawo daga shago na tarar da ita tana wanki a tsakar gida. Rigunan da na sa a makoki ne a gabanta. Ba ta yi mini sannu da zuwa ba.

"Malam, na shinshina rigunan ga duka. Babu warin taba ko kaɗan."

"Ban sha ba," na ce.

"To don mi ka bari aka ce ka koma? Ina ta kuka can, mutane na zaton kukan Baba nika yi. In ba taba ba, mi kaka zuwa yi bayan rumbu?"

Na nemi ƙarya na rasa. Na ce mata numfashi nake zuwa yi. Sai na zauna a bakin ƙofa na gaya mata komai, ɗaurewar ƙirjin, jiƙewar tafin hannun, tsoron mutuwa a gaban jama'a. Ina faɗa ina jin haushin kaina.

Ta zauna kan turmi, hannunta duk kumfa. "Tun yaushe?"

"Tun kafin a kawo ki gidan nan."

Can ta ce, "Ashe duk randa ka tashi ka bar ni da baƙi, ina zagin taba a zuci, kai kana can kai ɗai kana jin za ka mutu."

Na ce ta yi haƙuri. Na ce na san sadakar da ta yi da bakin da ta buɗe ta gaya wa duniya, kuma gobe da kaina zan bi mutane in ce musu ban koma ba. Ina faɗa ina sane da abin da zan rasa.

Ta tashi ta koma kan wankinta, ta matse riga ɗaya ta shanya.

"Bar su," ta ce. "In sun tambaye ni, ni ma sai in ce ka koma."